Dekin da Na Gasa a Kwamfuta

Ranar da Oga ya ba ni lissafin dekin kankare na wani bene a unguwar Wambai ta Suleja, ko kofi na ƙi sha, wai aikin minti biyar ne. Ina shigar wa manhajar kwamfuta zafin rana, sai ga kankaren a allo ya yi jajir, ya nannaɗe kamar tabarma. Na tara 'yan ofis: "Ku zo ku ga ikon Allah! Ashe haka ranar Suleja ke yi wa gini!" Sakatariyarmu har da salati.

Oga ya leƙo, ya gyara tabarau. "Injiniya, digiri arba'in na ce, ka sa ɗari huɗu. Gida za mu gina ko tanderu?"

Har yau, duk wanda ya sayo ɗanyar masara, teburina yake kawowa in gasa masa.