Tambayar da Na Yi a Gidan Baba Saje

Ba zan taɓa mantawa ba da yinin da bakina ya jawo mini abin kunya a Kurmin Mashi. Bayan yaƙin basasa ne, ina ɗalibin tarihi, ina bincike kan yadda Turawan mulki suka riƙe iyalan sojoji baƙar fata. Ga wando mai faɗin ƙafa, ga rikoda rataye a kafaɗa (a ganina duk Kaduna babu mai ilimina).

Aka haɗa ni da Baba Saje, tsohon sojan da ya je ƙasar Bama a yaƙin duniya na biyu. Ya shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida, matarsa Inna Ladi na gefe tana tsintar shinkafa. Ya ba ni labarin yadda matar Bature ke samun gida da likita, matar baƙin soja kuwa, mijinta na mutuwa sai a ce ta kwashe komatsanta ta bar bariki.

Da na tsaya nan da na tsira. Ina! Sai na gyara zama na ce, "Baba, na karanta cewa wasu hafsoshin Turawa kan ajiye matanmu, su yi musu ciki, su koma ƙasarsu ko waiwaye babu. Ni mamakina, wace irin mace ce za ta yarda da wannan ƙasƙanci?" (Har da 'yar dariyata, Allah Ya yafe mini.)

Baba Saje ya sunkuyar da kai. Inna Ladi ta ajiye faifai.

Ta ce, "Ɗan nan, wa ya ce maka an tambaye mu? Tallan fura na kai bariki. Bature ya nuna ni da sanda, ya aiki odalinsa, sojan da ke masa hidima, ya kawo ni."

"Ni ne odalin," in ji Baba Saje, bai ɗago ba. "Da aka canza wa Baturen wurin aiki ya bar ta da ciki. Gidansu suka kore ta, ofis suka ce ita ba iyalin kowa ba ce. Da ta haihu na aure ta."

Ban gama haɗiye wannan ba, sai ga wata mata fara sol ta fito daga ɗaki, ta durƙusa ta ajiye mini kwanon ruwa. Ta ce, "Malam, ka sa ni ma a binciken naka. Ni ce cikin."

Na miƙa hannu zan kashe rikoda, garin sauri na ture kwanon, ruwa ya malale tabarma. Na shiga ba da haƙuri.

Inna Ladi ta ce, "Bar ta a kunne. Tun da aka yi abin nan ba wanda ya taɓa tambayata, gara kai ko da rashin kunya ne ka tambaya."

Ta yi magana har kaset ya ƙare. Tun daga ranar na san mutanen da muke karantawa a tarihi ba duka suka mutu ba. Wasu suna nan da ransu, kuma kunnensu garau yake.