Shitu Ya Zo Aron Wuƙa

"Lafiya ƙalau, ya mai jego? To shigo mana, ka tsaya a bakin ƙofa kamar mai tallan maganin ɓera!"

Hawawu ke nan, ta buɗe wa Shitu ƙofa da lemu a hannun hagu, 'yar wuƙa a hannun dama. Asabar ce bayan azahar, gidan a hawa na biyar yake a unguwar Soundview ta Bronx, can ƙasar Turawa, lif ya lalace, bawan Allah sai haki yake yi. Taubasai ne su biyun, babanta da mamarsa ciki ɗaya, a gida ɗaya aka haife su a Sabo ta Ibadan, kuma tun suna rarrafe suke tsokanar juna. Ita jinyar tsofaffi take yi a tsibirin Staten Island, da jirgin ruwa take zuwa, shi tasi yake ja. Shekara goma sha huɗu ke nan ba shi da abin zolayarta kamar ƙananan wuƙaƙen nan masu naɗewa da take tarawa. To yau ga ikon Allah, wuƙar ce ta hawo da shi bene. Matarsa Aïchatou ta haihu, kwana uku da sallamo su daga asibiti, kuma tun da suka dawo ba ta runtsa ba. Ta ce sai an sa wuƙa a ƙarƙashin shimfiɗar jaririyar kamar yadda ake yi a gida. Yadda zai buɗe baki ya roƙa, nan aikin yake.

"Ajiye makamin tukuna," in ji Shitu. "Ni mai iyali ne yanzu, ban shirya barin marainiya ba."

"Wa zai ɓata wuƙarsa a jikinka, ƙashi da fata? Zauna, ɗan mace. Mene ne a ledar?"

"Mangwaro ne da goro. Na ce bari in leƙa tsohuwa, kada a ce ba na zumunci."

"Tsohuwa? Wata bakwai ka ba ni, mai kai kamar ƙwaryar dambu! Kuma kai da tun da ka zo ƙasar nan ko ruwan famfo ba ka taɓa kawo mini ba, yau har da goro fari? Ruwa ba ya tsami banza. Faɗi abin da ke tafe da kai."

"Babu komai. Gaisuwa ce."

"Madalla. Mun gaisa. Ga ƙofa."

Shitu ya gyara zama, ya cire hula, ya sosa ƙeya, ya mai da hula. Kai, mutum mai baki in ya shiga hannu abin kallo ne! Can dai ya yi ta maza.

"Wato, cikin tarkacen nan naki, ko akwai wata lalatacciya da ba kya so?"

"Wane tarkace?"

"Kin gane ai."

"Ban gane ba. Ni 'yar daba ce, ba ni da ilimi. Ba haka ka ce da ni ba a gaban jama'a ranar sallar layya? Ka ce Magajiyar mahautan Bronx. Ka ce in aka girgiza ni sai an cika kwando da ƙarfe. Ka ce ranar da 'yan sanda suka kama ni a jirgin ruwa za ka rantse ba ka taɓa ganina ba."

"Wasa ne."

"Da na raba wa matan masallaci ɗai-ɗai, cewa ka yi na kafa runduna. Su kuwa suna sa mini albarka, mai buɗe kwali a shago, mai yanke zaren kitso, mai fere wa 'ya'yanta lemu a wurin wasa. Yanzu faɗi sunan abin da bakinka."

"Wuƙa. Wuƙa nake so ki ara mini. Shi ke nan? Hankalinki ya kwanta?"

Hawawu ta tafa hannu ta rangaɗa guɗa, har maƙwabta suka buga bango.

"Ayyururui! Ranar wanka ba a ɓoyon cibi! Malam Shitu mai cewa camfi ne! Me za ka yi da ita, aski?"

"Aïchatou ce. Mamarta ta bugo daga Maraɗi, ta ce ina wuƙar jaririya? Ta ce ba a kwantar da ɗanyen goyo babu ƙarfe a kusa. Na ce mata ga Ayatul Kursiyyu ina tofawa safe da yamma. Ta ce ta yarda, a ci gaba da tofi, amma a sa wuƙa."

"To ba ku da wuƙa a gidan?"

"Na ɗauko ta kicin."

"Wacce?"

"Babbar, ta sarar kaza."

"La'ilaha illallahu! Adda ka sa wa jinjira a gado?"

"A ƙarƙashin katifa fa. To nas ɗin nan da ke zuwa duba su gida ta zo, ta ɗaga katifa za ta gyara zanen gado. Wallahi Hawawu, matar nan fara ce, amma sai da ta ƙara fari. Na yi ta Turanci har da wanda ban iya ba. Na ce al'ada ce, ta ce wace al'ada? Na ce ta korar aljanu, sai ta ciro biro. Da kyar da siɗin goshi ta haƙura, ta ce Litinin za ta dawo, in ta sake ganin abu mai kaifi a buɗe kusa da yarinya, sai dai mu yi bayani a wani wuri."

Hawawu ta riƙe ciki, dariya har da hawaye.

"Sai kuma ka yi yaya, sarkin dabara?"

"Na sa ta roba."

"Ta me?"

"Irin wadda ake bayarwa a shagon soyayyar kaza. Ai ita ma wuƙa ce."

"Wayyo cikina! Shitu, ko aljanin da aka haifa jiya a Bronx ai ya raina wuƙar roba! Da ita zai ci tuwonsa! Me ƙanwata ta ce?"

"Ta dube ni, ta ce 'non, non, non' da Faransancinta, ta fashe da kuka. Na zagaya shaguna uku a titin Grand Concourse, sai wasu manya-manya baƙaƙe nake gani irin na sojoji. Ni ban san kan abin ba."

"Wata tara kana kallon ciki, sai yanzu? Ba a fafe gora ranar tafiya. Durƙusa."

"Na'am?"

"Durƙusa ka ce, 'Uwar ɗakina, 'yar namiji, ki taimaki bawanki.'"

Shitu ya dubi rufi, ya dubi ƙasa, ya sauke gwiwa ɗaya a kan kafet.

"Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, in na tashi da tsawona zan tashi."

"Wa ye wadan?"

"Karin magana ce, ba ni na ƙirƙiro ba."

"Za ka ci ƙaniyarka. Tashi, kada ka fasa mini ƙasa da gwiwar nan taka kamar taɓarya."

Ta jawo wani gwangwanin biskit daga ƙarƙashin kujera, ta zazzage shi a kan tebur. Sun fi talatin, jajaye da farare, masu ƙotar itace da masu ƙotar azurfa, ko ɗaya babu tsatsa. Shitu ya miƙa hannu kan wata ja, ta doke masa yatsu.

"Kul! Wannan wata tsohuwa 'yar Italiya ce ta ba ni a unguwar St. George, can wurin aikina, shekara shida ina yi mata wanka. Ta mijinta ce. Ranar da za ta cika ta damƙa mini."

"To wannan mai ƙyalli fa?"

"Ita nake fere lemu da ita a jirgin ruwa in na taso aiki. In babu ita me zan yi, in zauna ina kallon ruwa kamar kai?"

"Wannan 'yar mitsitsiyar?"

"Ƙanwar wadda masu binciken filin jirgi suka karɓe mini ce. Har yau ban gama zaman makokin yayarta ba, za ka raba ni da ita?"

"Ikon Allah! Wuƙa talatin, kowace da dangi da tarihi. To wace ce marainiya a cikinsu, in ɗauke ta riƙo?"

"Babu. Duk da uwarsu."

Dariyar da Shitu ya so yi ta ƙi fitowa. Ya zauna a bakin kujera, ya sunkuyar da kai yana murza hula.

"Hawawu, bar wasa. Biyu muka binne kafin wannan, ke kika yi musu sutura. Ni ban ce ƙarfe na tsare rai ba, Allah ke tsarewa. Amma baiwar Allah nan kwana uku tana zaune, ido a kan ƙirjin yarinya, tana duba ko tana numfashi. Nono ma ya fara ɗaukewa. Ba don aljani na zo ba, so nake matata ta yi barci."

Hawawu ta tattara wuƙaƙen ta mayar cikin gwangwani, ta rufe, ta shige ɗaki. Shitu yana jin ana jan akwati, yana cewa a ransa ko dai ya ɓata rawarsa da tsalle. Da ta fito, wani ɗan ƙullin tsohon atamfa ne a hannunta. Ta kwance shi a hankali. Wata 'yar wuƙa ce mai ƙotar ƙaho, ta sha wasawa har bakinta ya sirance.

"Ka gane ta?"

"Wannan ba ta Iya Mai Lemu ba ce?"

"Ita ce, ta kakarmu. A ƙarƙashin kaina ta kwana arba'in, ta kwana arba'in a ƙarƙashin wannan ƙaton kan naka, shi ya sa ta ɗan lanƙwashe. A tsakiyar ƙullin garin kuka na sa ta cikin babban akwati ranar da zan taho. Tana naɗewa ruf, sai da farce biyu ake buɗe ta. A ɗaure ta cikin ƙyallen nan, a sa ta a ƙasan gadon, can inda hannun yarinya ba zai kai ba. Nas ko ta zo da tocila ba za ta ga kaifi ba."

"Na gode. Wallahi na gode. Ranar da suka yi arba'in zan dawo miki da ita da kaina."

"Ba aro ba ne."

"A'a, Hawawu."

"Na ce ba aro ba ne. Da Iya ta ba ni, cewa ta yi in sa wa ɗana na fari. Shekara ashirin da uku ina shafa mata mai ina jira. Sauran duk na tara su ne don ta samu abokan zama. To Allah bai kawo ta wajena ba, ya kawo ta wajenka. Karɓi."

Duk dangi sun san Hawawu ba ta taɓa haihuwa ba, kuma Shitu, duk da bakinsa ba shi da linzami, bai taɓa kai wasa wurin ba ko sau ɗaya. Sai dai bai san abin da ke ƙasan akwatin ba sai yau. Tausayi da godiya suka taru masa, idanunsa suka kawo ruwa.

"To, to, kada ka jiƙa mini kafet," in ji ta. "Ƙato da gemu yana kuka a kan wuƙar lemu."

"Ba zan karɓa ba."

"Kai, ɗan nan!"

"Ba hannuna zai sa ta ba. Ɗauko mayafinki. Ke za ki je ki sa wa 'yarki da hannunki."

Hawawu ta juya masa baya tana neman mayafin da ke rataye a gabanta, ta daɗe tana nema.

"A gidan baya zan zauna," ta ce da muryar da ba ta gama dawowa ba. "Kuma in ka kunna mini mita, sai na huda maka taya huɗu."

Shitu ya sauke ta a ƙofar gininsu a unguwar Mount Hope, shi kuma ya shiga zagayen neman wurin fakin, sai da ya kusa cin rabin awa. Da ya hau sama ya tura ƙofa, ya shigo da sallamarsa da ƙarfi kamar yadda ya saba. Hawawu na zaune a bakin gado da jaririya a kafaɗa, ta zare masa ido, ta ɗora yatsa a leɓe. Aïchatou na kwance a gefe, ko ɗankwali ba ta cire ba, shayin da aka haɗa mata yana nan yana tururi, barci ya yi gaba da ita.

"Rufe mana baki, sarkin surutu," in ji Hawawu cikin raɗa. "Cire takalmi. Yanzu wa ya ci?"

Shitu ya tsaya da takalmi a hannu yana kallon matarsa tana sauke numfashi. Ya yi dariyar da ba ta da sauti, ya goge ido da hannun riga.

"Ke kika ci, uwar ɗakina. Na sallama. Allah ya saka miki da alheri."

"Amin. Wuce kicin ka ɗora mana ruwan wanka, kuma kada in ji ƙarar tukunya."