Turakun da Suka Yi Ganye

"Duk faɗin Romaniya," in ji Kawu Gavrila yana dukan tumbinsa, "ba a haifi ma'aikacin gwamnatin da zai yi min wayo ba. Ni ba na karya doka, lanƙwasa ta nake yi kamar dafaffiyar taliya."

Lokacin ban daɗe da dawowa daga Italiya ba, inda na yi shekaru ina ɗaukar bulo. Zaman ƙauye ya ishe ni, ƙafata sai ƙaiƙayi take, don haka ko kaza ce ta yi tari sai na je kallo, balle Kawu.

Ga yadda abin yake, abokina. Kawu ya sa hannu da gwamnati cewa ba zai nome filin ciyawarsa ba, ba zai yanka ciyawar ba sai wata tsuntsuwa mai kuka kamar tsohon zarto ta gama ƙyanƙyasa. Aka biya shi, ya sayi wata tarakta mai tarin asma. To mai tarakta kuma a ce kada ya yi huɗa? Sai idonsa ya faɗa kan gefen filin da ke bakin titi, ƙasa baƙa wuluk, ta dankali.

"Dubi nan, ɗan Italiya," ya ce min. "Yarjejeniya ta hau kan filina ne. Filin maƙwabciyata Lele Saveta babu ruwansa. In matso da iyaka cikin nawa, in ce bakin titi nata ne, in shuka abina."

"Kawu, mutane matsar da iyaka suke su ci na maƙwabci. Kai naka za ka ci?"

"Shi ya sa su talakawa ne, ni kuwa ƙwaƙwalwa."

Lele Saveta tsohuwa ce, mijinta ya rasu, ba ta kai tsawon tsintsiya ba. Da Kawu ya kai mata maganar, ta saurare shi tana ɓare wake.

"Wato in an tambaya in ce nawa ne?"

"Iyakarta ke nan, maƙwabciya. Da baki kawai."

"Bakina ba ya ciwo," ta ce.

Ranar Lahadi, jama'a na coci, Kawu Sarkin Dabara ya gangara rafi ya saro rassa, ya feƙe, ya shafa musu toka da kashin shanu don su tsufa, ya kakkafa. Ko ɗan yaye a ƙauyenmu ya san itacen bakin rafin nan, in ka soka shi a ƙasa ka juya baya, kafin ka waiwayo ya yi saiwa. Kawu kuwa har taki ya ba shi.

Dankali ya yi kyau. Sai ga wata jami'a daga ofishin gona, da takalmin roba, ta ce hoton da aka ɗauka daga sama ya nuna an yi huɗa.

"Ranki ya daɗe, wannan na Saveta ne! Ga turakun iyaka nan, kakana ne ya kafa su tun kafin yaƙi."

Ta duba. Turakun kaka sun yi ganye shar, ɗaya har akuya na miƙa masa wuya.

"Kakanka yana nan da rai?"

"Allah ya ji ƙansa. Mutum ne mai albarka a hannu."

"Na gani. To Malam Gavrila, in filin naka ne, ka karya yarjejeniya, za ka mayar da duk abin da ka karɓa, da tara a kai. In nata ne, sai a kira mai awo, a gyara iyaka a ofishin filaye, a rage maka ɗan abin da za a rage. Wanne ne?"

Kawu ya kalli tarakta. Tarakta ta kalle shi.

"Nata ne! Na rantse da kabarin kakana!"

Rabin ƙauye na jingine a shinge suna ji. Aka yi awo, aka buga hatimi. A hanyar dawowa Kawu yana ta kashe min ido.

"Ka ga aiki? Takarda tata, dankali nawa."

Da kaka ta yi, ya zo da buhuna. Ya tarar da Lele Saveta zaune kan kujera a tsakiyar kunya, jikokinta ƙarti biyu na haƙa.

"Sannu da taimako, maƙwabciya!"

"Taimakon wa?"

"Haba, Saveta! Ai mun ce da baki kawai!"

"Ni da baki na faɗa. Kai ne ka kai mu ofis."

"Iri nawa, mai nawa, gumi nawa!"

"Je ka gaya wa yarinyar mai takalmin roba. In kira maka ita?"

Kawu ya juya zai hau tarakta ya wuce filinsa na sama, sai ya tuna ba wata hanya sai ta bakin titi, wanda yanzu na Saveta ne.

"Wuce abinka, Gavrila, ni ba muguwa ba ce," ta ce, ta jefa masa dankali guda, ɗan mitsitsi kamar ƙwan tattabara. "Ga ladanka. Amma baɗi ka zurfafa huɗar, masara nake so."