Farfelar Motata da Idon Goggo

Jama'a, in kun ga rubutun yau ya ɗan karkace ku yi min uzuri, har yanzu kafaɗata ba ta koma daidai ba. Ranar Talatar da ta wuce, tun hantsi har rana ta take tsaka, ina kwance rub-da-ciki a ƙarƙashin mota, sanye da babbar rigata ta zuwa Juma'a, ina haƙar yashi da murfin kular abinci. Kuma kada ku ce daji na shiga. In dai za a bi sanarwar da na ji da kunnena a rediyo, a tsakiyar sabon titin kwalta nake kwance.

Bari in ɗauko muku zancen daga tushe. Goggo ƙanwar mahaifina ce, ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyata, tana zaune a Rijiyar Barau, wani ɗan ƙauye can bayan Sule Tankarkar. Yanar ido ta rufe mata gani, har ta kai in na je gaishe ta sai ta shafa fuskata kafin ta yarda ni ne. Sai ga labari cewa wasu likitocin ido masu aikin sa kai za su zo Gumel su yi aiki kyauta, mutanen yankinmu ranar Talata aka ba su, wanda bai iso kafin la'asar ba kuwa sai baɗi in da rai. Goggo ga ta tun da babur ya kayar da ita bara ta rantse ita da shi har abada, ƙugunta ma ba zai ɗauka ba. Ni kuma dama na daɗe ina ƙulle ɗan abin da noman riɗi ya bar min da niyyar sayen mota. Na ce wa matata Safiya lokaci ya yi, da hannuna zan ɗauko Goggo, a cikin motata.

Na ɗauki maƙwabcina Ubale bakanike muka tafi Maigatari wajen wani dillali, Hamma, mutumin Damagaram. Ya nuna mana motoci biyu, tsofaffi amma da sauran ƙarfinsu.

“Wannan mai jan baya ce,” in ji Hamma, yana dukan bayanta da tafin hannu. “Tayoyin baya kaɗai ke tura ta. Ba ta shan mai, kayan gyaranta kuwa ko ina ka tsaya ka samu. Waccan kat-kat ce, ku nan kuna ce mata fowil. Ƙafafun huɗu duk suna aiki, yashi ba ya ba ta tsoro. Sai dai fa tana da maƙoshi.”

“To wacce za ka ba ni shawara in ɗauka?”

“Alhaji, ni mota nake sayarwa, ba hanya ba. Faɗa min hanyar garinku in faɗa maka motarka.”

Nan ya ɗaure ni da jijiyoyin jikina, domin hanyar garinmu iri biyu ce: akwai wadda muke takawa, akwai wadda muke ji a lasifika. Wadda muke takawa yashi ne zalla, jaki ma sai ya yi tunani kafin ya shiga. Wadda muke ji kuwa, Allah Ya ja zamanin Mai Girma Jagoran Almakashi, ita ce ya yi mana alkawarinta tun ina da baƙin gashi. Duk kakar zaɓe sai ya zo da makaɗa, a miƙa masa sabon shebur ya ɗebi ƙasa a yi tafi, a sauke katafila daga kan tirela, in gari ya waye a sake ɗora ta a tafi da ita wani garin. Ni dai ban taɓa ganin mutum mai naci a kan aikin alheri irinsa ba. Wani da sau ɗaya zai ƙaddamar ya gaji.

Ubale ya ja ni gefe. “Yaya Sha'aibu, shi mai alkawarin in zai zo garinku, a wace irin mota yake zuwa?”

“Fowil.”

“Masu take masa baya fa?”

“Fowil.”

“Shi ɗan kwangilar?”

“Shi ma ita.”

“To kai ka fi su sanin titin ne?”

Nan take na ɗauki fowil. Da muka shigo unguwa Safiya ta rangaɗa guɗa, ni kuma na fito ina kaɗa makulli a yatsa, ina amsa gaisuwar mutanen da a da ni nake fara gaishe su.

Daɗin bai yi nisa ba. Maƙoshin da Hamma ya faɗa ashe sakaya maganar ya yi. Allurar mai ina kallonta tana sauka ko da motar na tsaye a inuwa. Na bi layin gidan mai tun bayan sallar asuba, ina matsawa taku-taku, har na saba da na gabana muka yi musayar lambar waya. Da na kusa famfo sai ga wasu baƙaƙen motoci masu duhun gilashi sun shigo ta ƙofar fita, aka ce na aiki na musamman ne. Aka cika su, aka cika jarkokin da ke bayansu, sannan mai famfo ya rataye tiyo ya ce mana man ya ƙare, mu yi haƙuri. Haƙurin muka kwasa muka nufi wajen 'yan bumburutu.

Na kai wa Ubale kuka, ya yi dariya ya ce wannan ai ƙaramar matsala ce. A ƙarƙashin motar akwai wani dogon ƙarfe, farfela, shi ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin gaba. “Kwance ta za mu yi,” in ji shi. “Kowa a garin nan haka yake yi. Cikin Gumel me za ka yi da ƙafa huɗu? Ta koma mai jan baya, man ya huta. Ranar da za ka ƙauye, kafin ka shanye shayinka na mayar maka.”

Kun ji fa hikima irin tamu. Mu sayi mota da tsada saboda ƙarfen nan, mu kuma biya bakanike ya cire shi. Ko man ya ragu da gaske, wallahi ban gani ba, amma zuciyata ta yi sanyi, kuma a zamanin nan wannan ma riba ce. Na kawo farfelar gida na jingine. Safiya kuwa ba ta ganin abu a banza ta ƙyale, ta ɗauka ta tokare rumfar da take suyar awara, wadda gara ta cinye wa dirka.

Ana gobe tafiya, da yamma, sai rediyo ta ɗauka: an kammala titin Rijiyar Barau, Mai Girma ya yanke ƙyalle. Wani ma ya turo min hoto a waya. Ga shi nan da almakashi yana murmushi, bayansa kwalta baƙa wuluk tana sheƙi. Na tashi tsaye na ce Allahu Akbar, ashe zan ga wannan rana.

Da sassafe Ubale ya yi sallama da sifana a hannu. Na fito na ce masa ya koma ya huta.

“Malam, ka dai bari a mayar da ƙarfen nan,” in ji Safiya daga bayan ƙyaure.

“In an cire rumfarki ta faɗi.”

“Ta faɗi mana. Rumfa ce za a yi wa aikin ido?”

Maimakon in ji, sai na tsaya na yi musu wa'azi a kan illar mugun zato ga shugabanni. Na ce matsalarmu ke nan a ƙasar nan, ko an yi mana abu ba ma godewa. Ubale ya sa sifanarsa a aljihu ya ce Allah Ya kiyaye hanya. Na buga wa Goggo waya na ce ta shirya, ga ni nan tafe a kan sabon titi.

Na wuce Sule Tankarkar na karya kwana, sai ga kwalta. Kwalta ta gaske, da farin layi a tsakiya, har da fitilu masu aiki da hasken rana. Na saki sitiyari da hannu ɗaya na ɗaga sama na fara yi wa Mai Girma addu'a, shi da iyayensa da zuriyarsa. Ban kai ga jikoki ba kwaltar ta ƙare. Daidai inda hanya ta lanƙwasa, inda idon mai ɗaukar hoto ba ya kaiwa, nan aka yanke ta cak. Na ce bari in shiga da gudu ko na haye. Motar ta yi 'yar tafiya, ta yi nishi, ta zauna. Na ja ƙaramin giyar nan na fowil, ya shiga lafiya lau, sai dai abin da zai juya yana Gumel yana riƙe da rumfa. Tayoyin baya suka yi ta wulwulawa suna haƙa wa kansu rami har motar ta dafa ƙasa da ciki.

Ba abin da ban yi ba. Na sace iskar taya, na karyo kara na cusa, na sa tabarmar da na shimfiɗa wa Goggo a kujera, taya ta tauna ta ta tofar. Ina cikin haƙa sai ga wata farar fowil sabuwa dal ta ratso ta cikin gonar wani bawan Allah ta tsaya kusa da ni. Gilashi ya sauka kaɗan, sanyi ya bugo ni, wani mai kumatu ya leƙo.

“Malam, me ya sa ka tsaya a tsakiyar titi?”

“Ranka ya daɗe, kafewa na yi.”

“Kafewa? A titin da aka kammala? To ka binciki motarka. Mu masu duba ingancin aikin ne, kuma ya zuwa yanzu ba mu ga wata matsala ba.”

“Allah Ya ƙara girma, ko za ku ɗan ja ni? Tsohuwa zan kai asibiti.”

“Ayya, Allah Ya ba ta lafiya. Motar aiki ce, doka ba ta yarda ta ja kaya ba. Amma ga shawara kyauta: nan gaba in za ka sayi mota, ka sayi fowil.”

Gilashi ya koma sama, suka wuce suka bar ni da yashi a baki.

A nan dariya ta ƙare min. Rana ta karkata, waya babu sabis, ba kowa a hanya. Na zauna a gindin taya ina hango Goggo ta yi wanka tun safe, ta ɗaura zanenta na unguwa, tana zaune a ƙofar gida da ƙullin kayanta tana kasa kunne ko za ta ji ƙarar inji. Matar da ta yi ta surfe ta biya min kuɗin makaranta za ta ƙara shekara cikin duhu saboda na ga hoto a waya. Tsoro ya kama ni, kunya ta rufe ni, kuma ba zan ɓoye muku ba, na yi hawaye.

Can sai na ji ƙarar amalanke. Na ɗaga kai, ga Dalhatu, Bafulatanin da ke maƙwabtaka da Goggo, yana kora bijimansa biyu. A bayansa ga Goggo a kan katifa, ta riƙe lema, ƙullinta a cinya.

“Sha'aibu ne?” in ji ta. “Ai tun da ka ce min a kan sabon titi za ka zo na aika a ce wa Dalhatu ya ɗaura shanu. Ni da nake garin ban ji ƙarar katafila ba, kai daga Gumel ka ji?”

Dalhatu ya yi murmushi. Ya ɗaura igiya a bayan motar, ya yi wa bijiman magana da Fulatanci, suka sunkuyar da kai suka fizge ta har kan kwalta. Muka kama Goggo muka sa ta a gaba. Ta shafa kujera, ta shafa gilashi, ta ce, “Mota kam ta yi, Allah Ya sa albarka. Saura hankalin mai ita.”

Gudun da na yi da tayoyin da ba iska, kada Allah Ya maimaita min. Ana kiran la'asar muka shiga, mai tsaron layi ya riga ya ɗauki bencinsa, Goggo ce ta ƙarshe da aka karɓa. Washegari aka cire mata bandeji. Ta ƙifta, ta ƙifta, ta tsura min ido ta daɗe, sannan ta ce, “Ɗan nan, yaushe ka yi furfura haka ba wanda ya faɗa min?” Sai na riƙe hannunta.

Da ta huta na ɗauke ta zuwa gida, wannan karon da ƙafa huɗu, Safiya kuma tana suya a rana. Goggo ta manne da taga tana kiran sunan duk abin da ta gani, kuka, tumaki, jan zanen wata mata. Da muka hau sabuwar kwalta ta yi ta sa albarka. Muna isa lanƙwasar nan ta dafa hannuna.

“Tsaya. Juya ka mayar da ni wajen likitan nan.”

Na taka birki. “Goggo, lafiya? Ciwo yake yi?”

“Bai gama aikinsa ba. An ce titi har ƙofar gidana, ni kuwa daga nan ban ƙara ganin komai ba sai yashi.”

Na ce mata idonta garau yake, duk ƙasar nan ma ban san wanda ya fi ta gani ba. Likitocin dai sun ce za su dawo baɗi, kuma aikin kyauta ne ga kowa, babba da yaro. Na faɗa ne kawai, ko da akwai wani bawan Allah da ya duba hanyar nan ya ga kwalta har Rijiyar Barau. Ya daure ya zo da wuri, layin yana da tsawo.