Kafaɗar Kawu Taniela

Wani ne a ƙauyenmu na nan tsibirin Vava'u, a ƙasar Tonga, ya shiga badujalar coci. Ƙato ne, ga ƙirji ga kumatu, don haka aka rataya masa babban ƙahon nan na tagulla mai zagaye jiki, wanda bakinsa ke buɗe a bisa kai kamar daro. In busa ce a tsaye, duk Tonga da wuya ka sami wanda ya fi shi iska. Amma da an ce a taka, shi ke nan, ƙafa ta yi gabas, ƙaho ya yi yamma.

Malam Manase mai koyar da su ya yi iya yinsa.

"Diddige za ka fara ajiyewa," in ji shi, "sannan ka mirgina ƙafar zuwa yatsu a hankali, yadda sautin ba zai yi rawa ba. Ba kwaɓa kake takawa ba."

Mutumin ya sunkuya yana duban diddigensa. Ƙaho ya sunkuya tare da shi, ya kwashe hular na gabansa.

"Ɗaga kanka. Me ka ajiye a ƙasa?"

Ya ɗaga kai yana kallon gajimare, sai ya taka wani alade da ke barci a gefen fili. Alade ya kurma ihu, mai ganga ya ɗauka an canza waƙa, ya canza kiɗa.

Malam Manase ya share gumi ya ce, "Saurara, bawan Allah. Ran Asabar za a buɗe sabon zauren coci, mu ne a gaba tun daga tashar jirgin ruwa. Ka sake fita sahu, in karɓe ƙahon nan in ba ka butar ruwa ka riƙa bin mu a baya."

Mutumin ya rungume ƙahonsa. Uwarsa ta riga ta gaya wa dangi har na tsibirai cewa ɗanta ne mai babban ƙaho, ta kuma sa wa fararen kayansa sitaci har suna tsayuwa da kansu.

Ya ce, "Malam, ƙafa daban, kai daban, waƙa daban. Ni fa mutum ɗaya ne."

"To, manta da su duka. Wa ke hannun damanka a sahu?"

"Kawu Taniela, mai kakaki."

"Kafaɗarsa za ka riƙa kallo da wutsiyar ido. Taka daidai da tasa, tsakaninku tsawon hannu. Ya taka, ka taka. Ya tsaya, ka tsaya. Na hagunka kuma taka zai kalla, haka har ƙarshen sahu."

Kashegari da safe Taniela ya fito zai tafi gonar doya, ya tarar da mutumin a ƙofa da ƙaho a wuya.

"Lafiya, ɗan nan?"

"Atisaye, Kawu. Yi tafiyarka, ba ruwanka da ni."

Mutumin ya bi shi gona, ya bi shi bakin teku, ya bi shi kanti, kafaɗa da kafaɗa. Ba dama ya kore shi, ɗan 'yar'uwarsa ne, a al'adarmu kuwa ɗan 'yar'uwarka ko rigarka ya ga dama cirewa zai yi ka yi shiru. Da azahar Taniela ya zauna cin abinci, matarsa Lesieli ta zo za ta zauna kusa da mijinta, ta tarar da ƙato a wurin.

"Matsa mini."

"Inna, zauna a haguna ki kalli tawa kafaɗar."

Ta ce, "Taniela, ni da kai aka ɗaura wa aure, ban tuna an haɗa da daro ba."

Asabar ta zo. Rana kamar wuta, mutane cike da hanya, kowa da tabarmar ado ɗaure a ƙugu bisa al'ada, ƙamshin gasasshen alade har bakin ruwa. Ashe Taniela ya tsaya ya shanye kwanon ɗanyen kifi da madarar kwakwa wanda ya daɗe a rana, abin da nake hana yarana kullum ba sa ji.

Aka taka. Mutumin nan kamar ba shi ba: diddige, yatsu, kai a miƙe, sauti ko gezau. Uwarsa tana gefen hanya tana taɓa mutane tana nuna shi.

Ana kusa da coci cikin Taniela ya murɗa. Ya matse, ya rage taku, mutumin ya rage. Taniela ya ga abin ba na haƙuri ba ne, ya sulale ya yi dama, ya bi ta tsakanin gidaje. Mutumin ya bi shi yana busa. Na hagunsa ya bi shi, na hagun wancan ma ya biyo, sahu guda cur ya tsinke daga fareti, suka ratsa ta ƙarƙashin igiyar shanyar wata mata, ƙaho ya tafi da zanenta.

"Koma!" in ji Taniela yana gudu.

Mutumin ya ci gaba da binsa, bakinsa na aiki.

Taniela ya faɗa wani masai mai dangar ganyen kwakwa, ya rataye kakakinsa a waje, ya tsuguna. Mutumin ya hango kafaɗar ta tsakanin ganye ta yi ƙasa. Ya auna tsawon hannu daga danga, ya tsuguna. Sauran suka tsuguna ɗaya bayan ɗaya, waƙar yabo ba ta yanke ba.

Can a ƙofar zaure Malam Manase ya juyo zai tsayar da kiɗa gaban fasto da manyan baƙi, ya ga giɓi a tsakiyar badujalarsa, sautin babban ƙaho kuwa na tasowa daga bayan gidan mutane. Ya bi sautin yana huci. Ya tarar da su jere a tsugune cikin fararen kaya, kaji na kewaya su.

Ya miƙa hannu ya ce, "Cire ƙahon nan ka ba ni."

Mutumin ya zare baki daga ƙaho, idonsa bai bar danga ba, ya ce, "Malam, sahu dai ga shi a miƙe kamar zare. In hukunci za ka yi, ga Kawu nan ciki, tun ɗazu abin da yake busawa ba ya cikin waƙar."