Sensa Ta Ɗaya a Ƙafar Dama

Ko zan manta komai na karatuna a Bronx ta birnin New York, ba zan taɓa manta ranar da na gayyaci Baba ya zo ya ga ɗansa ya zama masani ba.

A shekarata ta ƙarshe na samu aiki a ɗakin binciken wasanni. Muna nazarin masu tseren ski, waɗanda ke sulɓi kan ƙanƙara da sanduna biyu (ni da ko tsani ba na hawa sai da addu'a). Aikina ɗaya ne: in ɗaura musu sensa, 'yar na'ura kamar akwatin ashana mai auna motsin ƙafa. Ta ɗaya a hagu, ta biyu a dama.

To ni ɗan Zongo ne. Tun ina yaro in na fara sa takalmin hagu sai na sha ranƙwashi. Hannuna da kansa ya riƙa ɗaukar ta ɗaya yana kai ta ƙafar dama, har da bismillah. Haka na yi ta yi duk lokacin sanyin nan a filin shaƙatawa na Van Cortlandt, ina jin kaina.

Cikin masu tseren akwai Megan, wadda aka yi wa tiyata a gwiwar hagu. Ita so take ta san ko gwiwar ta warke ta koma gasa. Kwamfuta ta ce hagun ta yi ƙarfi sosai, har ta fi dama. Farfesanmu ya sa hannu, ta shiga gasa, gwiwar ta sake yagewa. Duk muka ce tsautsayi ne.

Ranar gabatar da bincike Baba ya ajiye tasinsa ya zo daga unguwar Tremont cikin babbar riga, ya zauna a gaba. Na sa bidiyon Megan kusa da zanen da kwamfuta ta fitar (ba wanda ya sa ni, burga ce kawai). Duk sanda ƙafar dama ta tura, sai layin hagu ya yi tsalle. Megan na zaune a kujerun baya da sandunan dogarawarta. A hankali ta ce in mayar baya. Na mayar. Ta sake cewa in mayar.

Kowa ya gane na juya sensa, sai Baba kaɗai ya fara tafi.

A mota ya ce, "Kai, yau ka yi show! Farfesa sai kiran sunanka yake. Amma me ya sa yarinyar nan kuka?"

"Baba, ni na karya ta."

Kunya da baƙin ciki suka hana ni ko kallonsa.

Na dai koyi cewa na'ura ba ta ƙarya, amma in ka ɗaura mata ƙarya za ta zana ta tsaf har farfesa ya sa hannu. Ni aiki kawai na rasa. Megan har yau da ɗingishi take hawa matakala.