Ranar da na sauke tukunya a gidan Sanata

Ba zan taɓa mantawa da bikin 'yar Sanata ba, ko da yake na yi ƙoƙari. Lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba. Ni ce mai girkin biki a Jimeta, har cikin Yola ake aiko mini, kuma duk wanda ya ci shinkafata ya san ba cika baki nake ba.

Maigidana Bakari mutumin Garwa ne, can tsallaken iyaka, shi ke gyara injin jiragen da ke tsayawa bakin Binuwai. Da aka tsananta maganar iyaka, sai ya koma baƙo mai zama da takarda, takardar kuma ta kusa ƙarewa. In ba a sabunta ba, sai dai mu kwashi 'ya'ya mu bar gari.

Ranar bikin, ina tsakiyar girki, wata ta raɗa mini wai ta ji a rediyo an kawo dokar ma'aikata baƙi a majalisar Ikko, Sanatanmu ya ƙi ɗaga hannu. Ban tambayi kowa ba (ni da ban taɓa leƙa aji ba, ranar na zama lauya). Ya ƙi baƙi, ya ƙi Bakari ke nan!

Na sauke tukunya, na janye itace, na ci ɗamara. Na ce, "Hannun da ya kasa ɗaguwa saboda mijina, ba zai kai lomar shinkafata baki ba!"

Dada, mahaifiyar Sanata, tana kan tabarma, ko murya ba ta ɗaga ba.

"'Yata, ita dokar me ta ce?"

Na ce ni dai ji na yi an ce ya ƙi.

"Cewa ta yi duk wanda takardarsa ta ƙare a sallame shi. Ita ya ƙi. Shekaranjiya ma yake ce mini, in aka kori irin su Bakari, jirgi sai dai a tura shi da gora."

Mata suka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Adda, yayarmu, a mayar da itacen, ko sai majalisa ta sake zama?"

Na durƙusa ina hura wuta, ina ɗora wa hayaki laifin hawayena. Shinkafar nan rabi ta nuna, rabi tana ƙarar tsakuwa a haƙori, haka dangin ango suka ci suna kallona.

An sabunta wa Bakari takarda, a Jimeta muka aurar da 'ya'yanmu duka. Ni dai tun daga ranar, in aka ce mini wane ya ƙi, sai na tambaya me ya ƙi kafin in taɓa murhu.